Tunani Da Zane A Karkarar Arewacin Kano



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar tsamiya ko ta darbejiya a wani ƙauye na ƙasar Minjibir, ko Dawakin Tofa, ko Ɗambatta, ya riga ya ga abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa, ko da bai san yana da suna ba. Idan magana ta sarƙe tsakanin dattawa, a ce a kan iyakar gona ko rabon gado, akan sami wani ya share ƙasa da tafin hannunsa, ya ɗauki tsinke ya ja layi, ya ce nan ga rijiya, nan ga burtali, nan kuma ga gawon da ke gabas da gonar. Ba a jimawa sai a ga masu gardama sun bar duban fuskar juna sun koma duban ƙasa. Wanda bai yarda ba sai ya karɓi tsinken ya gyara. Abin da baki ya kasa warwarewa tun hantsi, sai ido ya warware shi kafin azahar. Gani ya kori ji, in ji Hausawa.

A makarantu da ofisoshin wannan zamani ana koyar da wata dabara da ake kira taswirar tunani, tare da 'yan'uwanta, watau zane-zanen da mutum ke yi domin ya ga tunaninsa shimfiɗe a gabansa. Sau da yawa akan kawo su kamar baƙin kaya daga Turai. Manufar wannan lacca ita ce a bi manyan nau'o'insu ɗaya bayan ɗaya, a nuna takwarorinsu a gona da zauren malam, sa'an nan a tabbatar da magana guda: kowane irin zane amsar wata irin tambaya ne, wanda kuwa ya ɗauki zanen da bai dace da tambayarsa ba, zai ɓata alhali yana tsammanin ya gane hanya.

Dalilin Zaɓen Wannan Yanki

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wurare mafi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka fitar da rahoto daga Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki. Binciken shekarun nan ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace damina, ba a barinta ta huta. A 1977 Polly Hill ta buga littafinta a kan karkarar Kano, inda ta kwatanta halin 1900 da na 1970, ta kuma bayyana yadda magidanta da yawa suka wayi gari da 'yar gonar da ba ta ciyar da gida. Tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take yi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, bayan kuwa an riga an cire Jigawa daga cikinta a 1991.

To, inda ƙasa ta yi yawa, mutane kaɗan, kuskuren taku goma a kan iyaka ba ya hana kowa barci. Amma inda gona ta matse, taku goma kunya biyar ce ta gero, kuma tana iya raba wa da ƙane har abada. Manomin wannan yanki yana riƙe da lissafi mai yawa a kansa: wace gona ce gado, wacce ce saye, wacce ce jingina ko aro, me ya shuka bara a kowacce, mangala nawa ta taki zai samu kafin ruwa ya sauka. Duk abin da zai taimake shi ya fito da wannan lissafi fili, ya gani, iyalinsa su gani, ya wuce wasan yara.

Bishiya

Nau'i na farko shi ne bishiya. Tambayar da take amsawa ita ce: wane ne ya fito daga wane, ko me ke ƙarƙashin me? Gindi ɗaya ne, ya rabu rassa, rassan su ma su rabu. A ƙarni na 3 na Miladiyya wani masanin falsafa mutumin Taya, wanda Larabawa ke kira Farfuriyus, ya rubuta gabatarwa ga ilmin manɗiƙi, inda ya jera halitta daga babban jinsi zuwa ƙananan nau'o'i, daga baya masu sharhi suka mayar da jerin nan zanen bishiya. Sunan littafinsa ya shiga Larabci da lafazin Isaguji, ilmin kuma ya iso ƙasar Hausa tun da daɗewa, domin Shehu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, yana cikin malaman da suka yi wallafa a kan manɗiƙi, suka kuma kare shi.

Amma bishiyar da talaka ya fi sani ita ce ta nasaba. Labarin Hausa Bakwai, yadda aka saba bayar da shi, bishiya ce mai gindi a Daura. Salsalar malaman ɗariƙa da ta masu haddar Alƙur'ani ita ma haka take, wane ya karɓa daga wane. Inda kuwa bishiya ta fi yin aiki a karkara shi ne ranar rabon gado. A ƙaddara magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, da gona eka 8. Matar tana da tumuni, watau eka 1. Sauran eka 7 a raba su, namiji ya ɗauki rabon mace biyu: kowane ɗa eka 2, kowace 'ya eka 1. In aka zana wannan a ƙasa, aka kuma ci gaba da zana jikoki a ƙarƙashin kowane reshe, ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai ga yadda gandun da ya riƙe gida guda zai zama 'yan filaye goma sha wani abu kafin shekara 40. Wannan ita ce matsalar yankin gaba ɗaya, bishiya kuma ta fi dogon jawabi bayyana ta.

Raunin bishiya shi ne ba ta yarda reshe ya sake haɗuwa da reshe ba. A inda ake auren zumunci, ɗan wa ya auri 'yar ƙane, mutum ɗaya yana iya cin gado ta fuska biyu, sai rassan su harɗe. A nan dole a nemi wani zane.

Jadawali

Nau'i na biyu shi ne jadawali, watau gidaje a jere tsaye da kwance. Tambayarsa ita ce: nawa ne, kuma yaya wannan yake in an gwada shi da wancan? Malaman fara'ili sun daɗe da gane cewa in magaji ya rasu kafin a raba gadon farko, lissafi yakan fi ƙarfin ka. Don haka suka ƙago wani jadawali da suke kira shubbaki, ma'anarsa taga, wanda Ibnul Ha'im, malamin lissafi da ya rasu a Ƙudus a 1412, ya yi wallafa a kansa. A koma ga misalin ɗazu. A ce ɗaya daga cikin 'ya'yan maza ya rasu kafin rabo, ya bar uwarsa, watau matar marigayin farko, da matarsa, da ɗa namiji guda. Sai a mayar da dukiyar kashi 96. Tsohuwar ta sami 12 daga mijinta da 4 daga ɗanta, ta tashi da 16. Ɗan da ke raye ya sami 24, 'ya'ya mata uku kowacce 12, matar ɗan da ya rasu 3, jikan kuma 17. In an tara gidajen duka sai su ba da 96 daidai. Amfanin jadawali ke nan: yana tona asirin kuskurensa da kansa, domin in jimla ba ta cika ba, an san an tauye wani.

Ƙasar Hausa tana da gwani a wannan fanni wanda duniya ta sani. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya bar gida ya yi aikin hajji, ya zauna Alƙahira har ya rasu a can a 1741. A 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9: a layin sama 4, 9, 2, a tsakiya 3, 5, 7, a ƙasa 8, 1, 6. Ta duk inda aka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 za a samu. Malamai sun yi saɓani a kan abin da wasu ke yi da hatimi, wannan kuwa ba fagen laccar nan ba ne. Abin lura shi ne, mutanen da suka iya cika irin waɗannan gidaje, da waɗanda ke haƙa gurabun dara 30 a ƙasa su yini suna lissafin motsin abokin wasa, ba za a ce jadawali baƙonsu ba ne.

A Amurka, wajen 1910 zuwa 1915, Henry Gantt ya yaɗa wani jadawali na aiki, wanda ke jera ayyuka tsaye, kwanaki kuma kwance, a ja sanda a gaban kowane aiki gwargwadon tsawon lokacinsa. In magidanci ya jera sharar gona, kai taki, shuka, noman farko, maimai, huɗa, girbin gero, cirar gyaɗa, roron wake da yankan dawa a irin wannan tsari, nan take zai ga makonnin da ayyuka ke hawa kan juna, watau lokacin da zai bukaci gayya ko 'yan ƙwadago, ya tanadi kuɗinsu tun da rani.

Da'ira

Nau'i na uku shi ne da'ira, mai amsa tambayar abin da ke zagayowa. A ƙarni na 8 Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tattara ma'aunan waƙar Larabci cikin da'irori 5, masu karatun aruli kuma har yau da su suke koyo. Manomi shi ma yana da tasa. Shekarar noma ba ta bin watannin Hijira, saboda suna ja da baya da kwana 11 kowace shekara. Don haka malaman karkara ke riƙe da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13, sai Jabha mai kwana 14, jimla 365. Kowane lokaci na shekara, bazara, damina, kaka da ɗari, yana da taurari 7. In an ce Haƙ'a ta kama, ko ana cikin Zira'a ko Ɗarfa, dattijon manomi ya san inda damina ta kai da abin da ya kamata a ce an gama.

Akwai wata da'irar da ta fi wannan muhimmanci, domin ita ce amsar tambayar da ta daɗe tana ba masana mamaki: yaya ƙasar da ba ta hutawa ta ci gaba da ba da abinci shekara da shekaru? Gona tana ba da harawa da kara. Awaki da tumaki, waɗanda ake ɗaurewa a gida da damina, suna cin harawa su ba da taki. Jaki yana kai takin gona. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsu. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ya bar shuka ta sha rana, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Masu binciken shekarun 1960 sun ga jakuna suna shiga birni da itace, suna komowa da taki da shara. In aka zana wannan zagaye, darasinsa a bayyane yake: wanda ya sayar da harawarsa duka saboda ta yi tsada a kasuwa, ya yanke da'irar a wuri guda, kuma gonarsa za ta gaya masa bayan damina biyu ko uku. Jerin sunaye ba ya nuna wannan, da'ira ce kaɗai ke nunawa.

Saƙar Gizo Da Taswirar Ma'ana

Nau'i na huɗu shi ne ainihin wanda aka laƙaba wa sunan taswirar tunani. Tony Buzan, mutumin Ingila, shi ya yaɗa shi ta wani shiri na talabijin na BBC a 1974 da littattafan da suka biyo baya. Ana rubuta kalma ɗaya a tsakiyar takarda, a fitar da rassa ta kowace fuska kamar saƙar gizo-gizo, kowane reshe da kalmarsa, a yi amfani da launi da 'yan hotuna. Tambayarsa ita ce: me da me ke rataye da wannan abu? A sa gona a tsakiya, sai rassa su fito: iri, taki, ruwa, ma'aikata, bashi, kasuwar Dawanau, rumbu, zakka. Yana da kyau wajen buɗe magana da wajen bitar karatu. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, da'awar da aka riƙa yi cewa dabarar tana aiki ne don tana haɗa ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, binciken baya bai ƙarfafa ta ba. Na biyu, saƙar gizo ba ta faɗin abin da ya fi wani nauyi, ba ta kuma faɗin abin da ke haddasa wani. Tana tara kaya ne a tsakar gida, ba ta ɗaure su.

Wannan giɓi shi Joseph Novak ya nemi cikewa a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, lokacin da yake nazarin yadda yara ke fahimtar kimiyya. A tasa taswirar, wadda za a iya kira taswirar ma'ana, kowane layi da ya haɗa kalma biyu sai an rubuta masa aikatau, ya zama jimla: ƙuduji yana shan saiwar dawa, ƙasa marar ƙarfi tana ƙara ƙuduji, taki yana rage shi. Malamin makaranta da ya sa ɗalibi ya zana wannan zai ga daidai inda fahimtarsa ta karkace, abin da haddar littafi ke ɓoyewa.

Ƙayar Kifi, Bin Sawu Da Zobba

Akwai wasu nau'o'i uku da ya kamata a ambata a taƙaice. Ƙayar kifi ta fito ne daga masana'antun Japan, inda Kaoru Ishikawa ya yaɗa ta a shekarun 1960. Ana sa matsala a kan kifin, dalilai kuma su zama ƙayoyi. Tambayarta ita ce: me ya jawo? A gwada ta da faɗuwar gyaɗa. Bayan buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta zama dukiyar wannan yanki har aka yi dala da buhunanta. A tsakiyar shekarun 1970 dalar ta ɓace. Mai gaggawa zai ce fari ne. Ƙayar kifi kuwa za ta tilasta shi ya jera saura: farin 1972 zuwa 1974, cutar da ƙwari suka yaɗa a 1975, wadda ta tsugunar da gyaɗa a gonaki, farashin hukumar sayen amfanin gona, wanda bai kai na kasuwa ba, kuɗin man fetur da ya ja matasa birni, da kuma bukatar masu matsar mai na cikin gida. Wanda ya ga ƙaya ɗaya kawai, maganin ƙaya ɗaya zai nema.

Zanen bin sawu, wanda Frank da Lillian Gilbreth suka gabatar wa injiniyoyin Amurka a 1921, yana amsa tambayar me ke bin me, kuma in kaza ya faru sai a yi yaya. Manomi yana yin wannan a zuci kowace shekara: in ruwan farko ya jiƙa ƙasa sosai, a yi shuka, in ya ɗauke shuka ta ƙone, a sake, in lokaci ya ƙure, a koma ga iri mai saurin nuna ko a ƙara wake. Haka kuma matakan ƙarar gona, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa kotu, in an zana su a bangon ofis, sun rage wa talaka yawon banza.

Zobba masu shiga juna kuwa John Venn na Jami'ar Cambridge ne ya tsara su a 1880. Suna nuna abin da aka yi tarayya a kai. Zobe ɗaya na manomi, ɗaya na makiyayi. Inda suka haɗu akwai burtali, da mashaya, da karan da aka bari bayan girbi, da takin da shanu ke zubarwa in sun kwana a gona. A nan rigima take, a nan kuma amfanin juna yake.

Taswirar Ƙasa

Nau'i na ƙarshe shi ne wanda aka fara da shi, watau zanen wuri. A 1824 Hugh Clapperton ya ratsa Kano ya isa Sakkwato, ya tambayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello labarin Kwara. Sarkin Musulmi ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, aka kuma ba shi taswira a takarda, wadda aka buga a London a 1826. Abin da dattijon ƙauye ke yi da tsinke, shi shugaban daula ya yi wa baƙonsa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba a daɗe ba aka shigo da awon gonaki don haraji. Malaman taki suka riƙa auna gona da takun ƙafa, daga baya kuma aka yi safiyo sosai a gundumomin da ke kusa da birni, aka zana gonaki ɗaya ɗaya da sunayen masu su. Wannan taswira ta fi ta tsinke daidaito, amma ta bar hannun mai gona ta koma ofis, kuma an yi ta ne don karɓa, shi ya sa talaka ya daɗe yana ɗari-ɗari da mai awo. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, Robert Chambers na Jami'ar Sussex da abokan aikinsa a Indiya da Kenya suka yaɗa wata hanya, wadda ma'aikacin raya karkara zai miƙa wa mutanen gari sanda su zana garinsu a ƙasa, su yi ƙidaya da tsakuwa da ƙwayar hatsi. Aka karɓe ta a duniya kamar sabon ilmi, alhali a ƙasar Kano tsohuwar al'ada ce.

Abin Da Zane Ke Ɓoyewa

Kada a ɗauka zane ba ya ƙarya. Kowane zane yana nuna abu ne ta hanyar barin wani. Taswirar gona mai layi huɗu da suna ɗaya ba ta nuna cewa ɗorawar da ke tsakiyarta ta magada ce duka ba, ko cewa akwai gayaunar ƙane a gefe, ko cewa rabin gonar jingina ce, ko cewa 'yar marigayi da ke aure a Bichi ba ta yafe rabonta ba, bar wa 'yan'uwanta ta yi su noma. Wanda ba ya wurin lokacin zane, sau da yawa ba ya cikin zanen. Matan da ke cikin gida, da ɗan da ya tafi cin rani, da makiyayin da sai kaka yake zuwa, su ne aka fi mantawa. Sa'an nan zane mai tsabta yana da kwarjini, mutane sukan ji nauyin musa abin da aka buga da inji ko aka nuna a fuskar kwamfuta, ko da sun san ba haka yake ba.

Zanen tsinke shi ma yana da nasa ciwon. Iska tana share shi, shaidu suna mutuwa, gamba da aguwa da lallen da aka dasa a kan iyaka ana iya tuge su. Abin da aka daidaita yau a gindin tsamiya, jikoki za su sake tayar da shi bayan shekara 30, ba wanda ya tuna inda layin ya bi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da shawara uku. Ta farko ga malaman makaranta da masu horar da su: a koya wa yaro ya fara tantance tambayarsa kafin ya zaɓi zane. In asali yake nema, bishiya. In gwadawa, jadawali. In abin da ke zagayowa, da'ira. In dalili, ƙayar kifi. In mataki, bin sawu. In tarayya, zobba. In wuri, taswira. In kuwa bai san ta inda zai fara ba, saƙar gizo. A kuma fara masa da gadon gona da taurarin damina, abin da ya baro a gida, kafin a kai shi ga misalan ƙasashen waje.

Ta biyu ga malaman gona da ma'aikatan hukumomi irin su KNARDA: a bar tsinke a hannun manomi. Shi ya zana, ma'aikaci ya yi tambaya.

Ta uku ga dagatai, limamai da alƙalai: duk zanen da aka daidaita a kansa a ƙasa, a kwafe shi a takarda a wurin, da boko ko da ajami, a rubuta sunan kowane mai hakki, mace da namiji, na gida da na nesa, shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Yanzu da wayar hannu mai ɗaukar hoto ta shiga kusan kowane ƙauye, ko hoton zanen kafin a share shi ya fi babu.

Jami'a kuma tana da nata bashin. Jadawalan malaman fara'ili, da lissafin taurari, da yadda dattawa ke zana iyaka, duk suna hannun mutanen da shekarunsu suka ja. In ɗaliban lissafi, da na labarin ƙasa, da na Hausa suka fita Ungogo, Gezawa, Makoɗa da Kunci suka zauna gaban waɗannan mutane da ladabi, za su komo da abin da ba ya cikin littafin da aka yi musu odarsa. Ƙasar ba za ta ƙaru ba, masu cinta kuwa kullum ƙaruwa suke yi, saboda haka rabonta da adalci yana bukatar kowa ya ga abin da ake rabawa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.